Shayin Baba Kafin a Zuba Sukari

Babana bai taɓa zama a aji ba, amma tun ranar da na shiga lise, wato babbar sakandare, ya kafa mini doka: duk abin da aka koya mini da Faransanci sai na maimaita masa da Hausa. Ni kuwa haihuwar Abidjan ce, Hausata duk faci. In ya dawo daga rumfarsa ta albasa a kasuwar Adjamé, ya yi magariba, sai ya baje tabarma a tsakar gidan hayarmu na Williamsville ya ce, "To, Uwata, yau me suka ce?" Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana haka.

Tarihi ne abin sonsa. Yaƙin duniya, zuwan Turawa, yadda aka zauna a tebur aka yanka ƙasashenmu, duk yana saurare yana gardama kamar da shi aka yi. Amma da na taɓo kimiyya, kafin in kai tsakiya ya fara gyangyaɗi. In na tsokane shi ya ce idonsa kawai ya rufe don ya ji da kyau.

Ina ajin ƙarshe wani likita a Treichville ya ce Baba yana da ciwon sukari. Magani dai yana sha, shayi ne ya gagara. Bayan la'asar 'yan kasuwar da suka zo daga Nijar tare suna da majalisa, wani dattijo da suke kira Alhaji yana dafa musu shayi mai sukari kamar zuma, kuma a wurinsu mayar da kofi cin fuska ne.

"In ƙi karɓar kofin Alhaji?" in ji Baba. "Sai a ce gaba muke yi."

Ga wani ƙurji a ƙafarsa ya ƙi warkewa. Maƙwabcinmu da irin wannan aka yanke masa ƙafa. Tsoro ya kama ni sosai.

Ana cikin haka muka iso darasin sukari a cikin jini. A woro-woro, motar hayar da ke kai mu unguwa, na yi ta laluben kalmomi har na kusa wuce gida. Da Baba ya tambaye ni, na ce akwai wata 'yar tsoka bayan tumbi mai aiko 'yan dako su kwashe sukari daga jini su kai sito. Nasa 'yan dakon sun gaji, buhuna sun taru a hanya, shi kuma kullum yana ƙara sauke wata mota.

Ran nan bai yi gyangyaɗi ba. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa, sannan ya ce, "Gobe ki biyo kasuwa."

Da kayan makaranta na je. Na durƙusa na gaida dattawan, Baba ya ce, "Ga 'yar lakwal, ku ji abin da ta karanto." Na sake zubo labarin 'yan dako. Sun sha dariyar Hausata, wani ya ce, "Wannan Hausa ta sha ruwan lagun, tafkin nan na Abidjan, dê!" Dattijo mai shayin bai yi dariya ba. Da shayin ya nuna, sai ya tsiyaya kofi ɗaya kafin ya zuba sukari, ya miƙa wa Baba. Can gefe wani mai sayar da goro ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, ni ma irin nasa." Ashe ya daɗe yana ɓoye nasa ciwon.

Ƙurjin ya ɗauki lokaci, da wanki da magani, amma ya rufe. Na ci jarrabawa a shekarar, sai dai murnar ba ta kai ta wannan ba. Har yau Baba yana mitar cewa na raba shi da daɗin duniya, shayinsa ɗaci kamar maɗaci. In ya gama mitar sai ya zura takalmansa duka biyu ya nufi kasuwa.