Ɗigo a Kan Hular Haladu

Jama'a, abin da zan ba ku ba ji na yi ba, ni ya faru da ni, Allah ne shaidata. Lokacin na bar aikin soja, ina gadi a wani gidan mai a Kwanar Dangora, gwiwa ta fara ba ni wahala.

Ina da wani hoto da aka ɗauke mu a bakin daga, can ƙasar waje, mu shida a jikin wata mota da ta ƙone, ga taɓo har gwiwa, duk mun rame. Al'adarmu ce a rundunarmu, in aka ce wane ya rasu, sai ka ɗauko biro ka yi ɗigo a saman hularsa, ka yi masa addu'a. Ba wanda ya koya mana, mun dai tarar ana yi. A hankali huɗu suka samu ɗigo, saura ni da Haladu, wanda danginsa ruwan Tiga ya tasa, shi ma da ya ajiye kaki sai ya koma sana'ar kamun kifi.

Wata ranar Juma'a da hantsi na buɗe akwati ina neman hula, sai hoton ya faɗo. Wallahi ɗigo ne a kan Haladu, sabo, har da ɗan danshi. Na tambayi maiɗakina, ta rantse ba ta taɓa akwatin ba, kuma gidanmu ba yara.

Na sa hoton a aljihu na hau mota zuwa wurin Haladu. Na same shi lafiya ƙalau a inuwa yana gyaran koma. Ya yi ta yi mini tsiya wai na yi tumbi, gadi ya karɓe ni. Muka ci gasasshen kifi, muka tuna daren da muka kwana a rami ruwan sama na dukanmu, da yadda yake waƙa in tsoro ya kama shi. Can sai ya ce nasa hoton ya ɓace tuntuni, kuma 'ya'yansa mata ba su yarda ya taɓa yin ƙuruciya ba, yana so in ara masa nawa ya nuna musu.

Na ce gara ta cinye nawa.

Ya daɗe yana kallon aljihun rigata. "Kofur, ba ka iya ƙarya ba tun muna can," ya ce. "Ko wani abu ka gani ne?"

Na ce ba komai. Ya yi murmushi, ya ci gaba da ɗinkin komarsa, har ya rako ni bakin titi ya ce in yafe masa duk abin da ya taɓa yi mini.

Ba a jima ba aka aiko ya rasu, a zaune bayan la'asar, ba ciwon komai. A wurin ta'aziyya babbar 'yarsa ta durƙusa ta ce, "Baba, an ce kana da hotonsu." Na kasa kallonta. Har yau ban kai mata ba, don kai shi sai na buɗe akwatin da na mayar da shi, in na buɗe kuma dole idona ya sauka a kan tawa hular.

Na gaji da wannan tunani, ban kuma samu wanda ya fassara mini ba. Ku dai in naku ya rasu, ku yi masa addu'a ku bar biro a inda yake.