Waliyyin Aro

Salahuddin Hadi makanikin raksha ne, wato a-daidaita-sahu, a Mayo, kudancin Khartoum. Kakansa maniyyaci ne daga Katsina, ya yada zango a nan kan hanyar Makka, zangon ya zama gida. Salahuddin ya yi shekara tara yana haɗiyar tiramol, har matarsa Barakatu ta kwashi 'ya'ya ta koma wajen iyayenta a Kalakla. Yadda ya daina kuwa, ba ya son a tambaye shi, ni ma ban matsa ba.

Shekara biyu kafin yaƙi ya ɓarke a Khartoum, wata ƙaramar cibiyar jinyar masu shaye-shaye a Omdurman ta gayyaci tsofaffin 'yan ƙwaya uku su riƙa zama da likitoci duk Talata suna ba da shawara. Biyu daga ciki shayi kawai suke sha su yi godiya. Da shugabar wurin, Dakta Ni'mat, ta tambayi abin da ke hana mutanen Mayo zuwa, Salahuddin ya ɗaga takardar shiga.

"Kun ce sai mutum ya zo da ubansa ko wansa ya sa hannu. Dakta, iyayenmu da yawa malaman allo ne da limamai. Wa zai iya cewa liman ya tashi daga buzu ya rako shi nan? Ai gara masa ya mutu a kwata."

Ya nemi a bar wanda ya warke ya tsaya a matsayin waliyyi. Mai rajista ya taɓe baki, wai yanzu ɗan ƙwaya ne zai tsaya wa ɗan ƙwaya? Wata biyu ana ja. Mutumin naka, da taurin kan tsiya, duk Talata sai ya rufe gareji ya tsallake gada ya maimaita magana ɗaya.

Akwai wanda yake yi wa wannan naci: Amjad, direban raksha ɗan shekara talatin, ɗan Malam Salih limamin unguwarsu. Amjad ya rame, sau biyu yana kifar da fasinja. Ya kuma rantse ba inda za shi muddin sai mahaifinsa ya ji.

Da aka amince, Amjad aka fara karɓa. Salahuddin ya sa hannu, ya baza a unguwa cewa Amjad ya tafi aikin gona a yankin Jazira. Kwana arba'in yana kai masa ful, wato dafaffen wake, da burodi. Amjad ya fito da ɗan kumatu, ya koma kan raksharsa. Mutum goma sha ɗaya daga Mayo suka bi ta wannan ƙofa bayansa.

Wata la'asar Malam Salih ya zo garejin da kansa. Aka miƙa masa kujera ya ƙi zama.

"An ce kai ka sa masa hannu."

"Ni ne, Malam."

"Allah ya saka da alheri." Ya dubi Salahuddin. "Shekara uku ina tsintar fankon ƙwayar nan a bayan ɗakinsa, ina zubarwa don kada uwarsa ta gani. Jira nake ya ce, Baba raka ni. Wallahi da na je."

Ya yi sallama ya nufi masallaci. Salahuddin ya ce min bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau bai san ko laifi ya yi wa tsohon ba.