Igiyar da na ɗaura wa ɗan ƙanwata

Malam edita, sallama gare ka da masu karatu. Lokacin da abin da zan ba da labari ya faru ina da shekara hamsin da takwas, ina da rumfar gyaran keke a bayan Kasuwar Libiya, gidana kuma yana Dar Salam, a Omdurman. Ni mutum ne da ya yi alfahari da ƙafarsa tun ƙuruciya. Shekara goma sha biyu na yi ina kumsari a motocin Suk al-Shabi, ina karɓar kuɗin fasinja, kuma in mota ta lalace ban taɓa jiran wata ba, a ƙasa nake ƙetare gada in dawo gida. Mahaifinmu ya sha faɗa mana cewa kakanninmu daga ƙasar Katsina suka tako har nan da niyyar hajji, da tsakuwa a baki maimakon ruwa, kuma wanda ya gaza a hanya ba a juyowa a dube shi. Da wannan labari na girma. Na ɗauka jininmu daban ne, na ɗauka gajiya abin kunya ce ga duk wanda ya fito daga cikinmu.

Ɗan ƙanwata ne ya kawo mini takardar gasar. Tela ne a cikin kasuwa, magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, mutum mai sanyin hali, irin 'yan yanzu da Larabci ya fi zama a bakinsu. Ya karanta mini, ya fassara. Gasa ce ta kwana uku, gudu a hamada arewa da gari, sai keke, sai tuƙin kwale-kwale a kan Nilu. Mutum huɗu ne suke shiga a matsayin ƙungiya ɗaya, kuma dole su isa tare, in ɗaya ya fita an fitar da su duka. Ya riga ya sami abokan tafiya uku, wa da ƙani masu dako a kasuwa, da wani direban raksha, wato a-daidaita-sahu. Abin da ya rage musu shi ne mai horar da su, kuma ya ce bai san wanda ya fi kawunsa ba. Har riguna ya ɗinka musu iri ɗaya, ya ɗinka ta biyar ya kawo mini. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A cikin kayan da masu shirya gasar suka ce kowace ƙungiya ta tanada akwai igiya mai ƙugiya a bakinta biyu. Ranar da muka je rubuta suna, wani daga cikinsu ya yi mana bayani cewa in ɗaya ya gaji, mai ƙarfi ya maƙala igiyar a ƙugunsa ya ja shi har ya farfaɗo, kuma a kwana uku babu wanda ba zai buƙace ta ba, yau kai ne a gaba, gobe kai ne a baya. Ya kuma ja kunnenmu a kan ruwa da gishiri. Na gyaɗa kai kawai. Muna fitowa na ce wa mutanena wannan bayani na 'yan birni ne masu laushin ƙashi, mu jikokin masu tafiyar ƙasa ne, a wurinmu igiya ta dabba ce.

Muna fita horo Juma'a da Talata bayan sallar asuba, yamma da Dar Salam, inda gidajen laka suke ƙarewa fili ya buɗe. Su suna gudu, ni ina bin su a keke da jarkar ruwa ɗaure a baya. Na kafa doka cewa ba mai shan ruwa sai na ba shi, kuma da murfin jarkar nake aunawa. Kowa na ba shi tsakuwa ya sa a ƙarƙashin harshe, na ce haka kakanni suka yi. Masu dakon nan biyu jikinsu ya saba da rana, direban ma ya jure. Telan kuwa mutum ne da ya shekara goma a zaune gaban keken ɗinki. Shi ya fi kowa iya karanta taswira, shi ya fi kowa iya tuƙi a ruwa, amma a gudu kullum shi ne na baya. Ban ga taswirar ba, ban ga tuƙin ba, bayan nan kawai nake gani. Kuma abin da ya fi cin raina shi ne jinina ne.

Sai na ɗauko igiyar. Na ce daga yau wanda ya zo ƙarshe shi ne akuyar ayari, a ɗaura masa, a jawo shi har cikin unguwa, kuma shi zai sha ruwa a ƙarshe in ya rage. Na sa babban mai dako ya riƙe ɗaya bakin. Da farko ya ƙi, ya ce telan nan ya girme shi, kuma shi ya ɗinka wa matarsa kayan suna. Na tambaye shi ko shi yake so a ɗaura wa, sai ya karɓa. Ban tsaya nan ba. Na ce akuya ba ta tafiya shiru, sai ya yi kuka kafin a ba shi murfinsa. Ya tsaya yana kallona, leɓensa ya bushe ya yi fari, sannan ya yi kukan a hankali. Na ce ban ji ba. Ya sake. Sauran suka yi dariya, irin dariyar da mutum yake yi don ba shi ne a igiyar ba.

Da gangan nake bi da su ta gaban mai shayin da take bakin unguwa, inda maza suke zama a kan kujerun roba suna shan jabana, wato gahawa. Wata rana matar ta ajiye ludayinta ta ce mini, Ya Haj, wannan fa magidanci ne, 'ya'yansa suna wucewa ta nan zuwa makaranta. Na ce mata ta tafasa masa dusa in tana jin tausayinsa. Mazan suka kwashe da dariya. Kafin wata guda sunan ya shiga kasuwa, har masu kawo ɗinki suna tambayar rumfar akuya. Matarsa ta aiko a roƙe ni, na ce a gaya mata horo ba aikin mata ba ne. Shi kuwa bai fasa fitowa ba ko sau ɗaya, domin ya san in ya janye mutum uku sun rasa gasar saboda shi, kuma shi ne ya tara su.

Saura mako biyu gasar na shirya musu babban gwaji, kwana biyu a jere, daga asuba zuwa la'asar, a tsakiyar zafin bazara. Ranar farko ya zo ƙarshe kamar kullum, aka jawo shi. Washegari kafin mu tashi ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Kawu, fitsarina tun jiya ja ne kamar zoɓon karkade. Cinyoyina kuma sun yi tauri."

Da na yi shiru ma da sauƙi. Amma sai na ɗaga murya yadda sauran za su ji, na ce:

"To ka tara mana a kofi mana, dama abin sha muke nema."

Ya sunkuya ya ɗauki tsakuwarsa ya sa a baki. Ranar nan ya yi gudun da ban taɓa ganin ya yi ba. Duk lokacin da ya ji ƙarar ƙugiyar igiya a bayan kekena sai ya ƙara sauri. Direban rakshar ya matso kusa da ni sau biyu ya ce mutumin nan fa ya daina gumi, kuma tafiyarsa tana karkacewa. Na ce ya kula da tasa ƙafar. Da la'asar telan ne ya fara isa gindin bishiyar da muka sa alama. Na sauka daga keke ina tafa masa, ina ce wa sauran su duba abin da igiya ta gyara. Shi yana zaune ya jingina, idanunsa sun faɗa. Mutumin da kullum da Larabci yake neman ruwa, ranar da Hausa ya nema, da irin muryar da yake kiran uwarsa yana yaro. Na cika masa murfi biyu, na ce ladan na ɗaya ne. Jarkar ko rabi ba ta yi ba. Da sauran ruwan na wanke ƙafata.

Kwana biyu bai yi fitsari ba, fuskarsa ta kumbura, ya fara amai. Aka kai shi asibiti a Khartoum. Likita ya ce naman jikinsa ne ya narke saboda wahala da ƙishirwa, ya toshe masa ƙoda, kuma da an kawo shi ranar da fitsarin ya canza launi da wataƙila an cece ta. Ya tambaya wa ya hana shi ruwa. Ina tsaye a wurin, sanye da rigar da ya ɗinka mini. Telan ya ce shi ne ya manta bai sha ba.

A barandar asibitin ƙanwata ta same ni. Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba. Na fara kare kaina, na ce abin da kakanni suka yi na koya masa. Sai ta tambaye ni wa ya ba ni labarin kakannin. Na ce mahaifinmu. Ta ce ita daga bakin kakarmu ta ji, tana tsefe mata kai, kuma kakarmu tana cikin tafiyar, mahaifinmu kuwa ba a haife shi ba. Ta ce a cikin Kordofan zazzaɓi ya kama kakanmu namiji har ya kasa ɗaga ƙafa. Kakarmu ta kwance igiyar kayanta, ta ɗaura a ƙugunsa, ta ɗaura a nata, ta ja shi kwanaki tana ba shi rabon ruwanta. Babban ayari ya wuce, amma gida huɗu suka ƙi tafiya suka tsaya da su, suka yi aikin auduga a Jazira har ya warke, daga nan zama ya kama su. Mahaifinmu kunyar labarin yake ji, shi ya sa ya juya shi.

"Yaya, kai jikan wanda aka ja ne," in ji ta. "Duk unguwar nan jikokin waɗanda suka tsaya ne. Waɗanda ba sa juyowa sun wuce, ba su bar kowa a nan ba."

Ba a shiga gasar ba. Ƙodarsa ba ta dawo ba, ya koma wankin ƙoda sau biyu a mako, direban rakshar nan yana kai shi, ni ina rakiya. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa ambaton abin ba. Abu ɗaya ya canza, ya daina ce mini Kawu. Ya Haj yake ce mini, kamar yadda yake ce wa duk dattijon da ya kawo masa ɗinki. Na nemi gafararsa a gaban uwarsa, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya juya fuska bango.

Haka muke har yaƙin basasar nan ya faɗo wa gari. Wuta ta ɗauke, hanyoyi suka rufe, wurin wankin da muke zuwa ya daina aiki. Ya yi kwana tara ba a yi masa ba. Muka ji ana yi a wani gari can arewa, muka sami wuri a saman wata babbar mota, a kan buhuna. Ba ya iya zama da kansa, hanya kuma ramuka ce, in motar ta girgiza sai ya zame. Na laluba jakata ina neman abin ɗauri, hannuna ya faɗa kan igiyar, domin da ita na ɗaure bargo. Na zaunar da shi a bayana, na zagaya ta a ƙugunsa da nawa, na maƙala ƙugiyar. Ya ji ƙarar. Ya kwantar da kansa a kafaɗata, ya yi magana a kunnena, ba da fushi ba, kamar mai tambayar lokaci.

"Ya Haj, yau ba sai na yi kukan ba?"

Na ba shi gorar ruwana duka, amma a lokacin likita ya riga ya hana shi shan ruwa da yawa, jikinsa ba ya fitar da shi. Ya jiƙa leɓe ya mayar mini. Mun isa, an yi masa wankin sau ɗaya, ya rasu a mako na biyu. Yanzu 'ya'yansa suna hannuna, kuma babbar ta san labarin, wani ya gaya mata. Tana gaishe ni da ladabi, ba ta cin abinci in ina wurin.

Na rubuto ne don duk wanda aka ba amanar horar da mutane, a wasa ne ko a sana'a. Ni na ɗauka ƙarfin tafiya yana ƙafar na gaba, ashe ana auna shi ne da yadda aka iso da na baya. In wanda ke ƙarƙashinka ya ja ka gefe ya yi ƙasa da murya, ka sani ya sha wuya kafin ya buɗe baki, kuma in ka mayar da shi abin dariya ba zai sake gaya maka ba, ko da abin zai kashe shi. Kada ku hana mai gudu ruwa da sunan juriya, in fitsari ya canza launi a tafi asibiti a ranar. Kuma kafin ka wahalar da wani da sunan kakanni, ka je ka tambayi tsofaffin matan gidanku yadda abin ya kasance. Ni shekara da shekaru ƙanwata tana gefena da labarin gaskiya, ban tambaye ta ba sai da ɗanta ya kwanta. Ina roƙon masu karatu su yi masa addu'a. Ni ma in kun ga dama ku sa ni, amma shi za ku fara.