Ruwan Tofi A Kwalbar Soja

Edita, bayan sallama, ga wani abu da na daɗe ina son amayarwa. Lokacin da ya faru ni amarya ce ɗanya shakaf, 'yar manomi daga wani ƙauye a gefen Sabuwa, ga kunya ga kafiya. Mijina soja ne a sashen sadarwa, an turo su Faskari, ni kuma ya kama mana ɗaki a cikin gari. Aikinsa kula da baturan rediyon oba-oba da gyaran wayar faiba da aka binne a ƙasa, wadda ke haɗa sansaninsu da sauran. Baturan nan kuwa kamar 'ya'yansa: wannan ya kumbura don zafi, wancan ba ya riƙe caji, wani an bar shi ya mutu murus. Nakan tsokane shi da cewa ya yanka musu ragon suna kawai. Ina sonsa ƙwarai, sai dai kunya ba ta barina in tambaye shi komai.

Da damina ta kama sai na fara jin wani wari mai hawa kai a hannuwansa. Idanunsa kullum jajur, in ya zauna cin tuwo sai gyangyaɗi. Ran nan ina kakkaɓe jakar aikinsa na ci karo da wata 'yar kwalba marar rubutu, da ruwa garai a ciki. Ina shinshinawa na ce giya ce, don irin warin na taɓa ji a bakin wani mashayi a tashar Ƙanƙara. Na yi kuka har na gode Allah. In na faɗa wa mahaifina, na san auren ya ƙare. In na tunkare shi, da wane bakin? Sai na yanke shawarar yi masa magani a ɓoye. Na tuttular da abin a makwarara, na ɗebo ruwan randa, na tofa duk addu'ar da na iya, na cika kwalbar na mayar. A lissafina, in ya kurɓa Allah zai cire masa son abin.

Washegari ruwan sama ya zaftare gefen hanya wajen Mairuwa, wayar ta tsinke, aka tura su gyara. Shiru bai dawo ba. Wani abokin aikinsa ne ya zo ya gaya mini mijina yana gadirum, wato ɗakin da ake kulle sojan da ya yi laifi. Ya ce zaren da ke cikin wayar gilashi ne siriri kamar gashi, kuma kafin a haɗa shi dole a goge shi da sifirit, irin wanda ake shafawa kafin allura, domin ƙura kaɗan ko danshi na ɓata haɗin. Sun isa daji, sun tone rami, mijina ya buɗe kwalba ya tarar da ruwa. Dole aikin ya kwana. Sansanin da ke can ciki ya zauna ba layi, sai rediyo, baturan kuma suna ta sauka saboda hadari ya hana sola caji. Da an kawo musu hari a lokacin, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. Ogansu ya yi juyin duniya mijina ya faɗi yadda aka yi, shi kuwa ya ce sakacinsa ne kawai. Jan idon ma, in ji abokin, rashin barci ne da hayaƙin janareta. A nan bakin ƙofa na gane ɓarnar da na yi. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Da aka sake shi ya shigo da sallama, ya rame, an yi masa aski ƙwal. Ban bari ya zauna ba na durƙusa na zayyane masa komai, har da zargin, ina jiran saki ko aƙalla faɗa. Ya tambaya ko da gaske na ɗauka giya yake sha, amma na zauna ban gudu gida ba. Na ɗaga kai alamar e. Sai ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To Amarya, addu'arki ba ta faɗi ƙasa ba," in ji shi. "Da na ɗanɗana na ji ruwa ne, ga ƙishi na cina, shanyewa na yi tas."

Daga baya ya ce abu ɗaya ne ya yi masa ciwo, wato da na iya kai ƙararsa wurin Allah amma na kasa tambayarsa shi da muke kwana ɗaki ɗaya.

Yanzu muna da yara, yana nan kan aikinsa, kuma duk ranar da zai fita gyara sai ya miƙo mini kwalbar ya ce Malama ta duba ko an yi tofi. Ina dariya, amma a raina ina tuna mutanen da suka kwana a daji ba layi saboda ni. 'Yan'uwana mata, musamman matan masu ɗamara, kada ku taɓa kayan aikin da ba ku san kansa ba, ko da da kyakkyawar niyya ne. In kun ga abin da ya ɗaure muku kai, ku buɗe baki ku tambaya. Ni kunyar tambaya guda ce ta kai mijina gadirum, shi kuma, duk da tun a daji ya gane aikina ne, ya zaɓi ya kwana can da dai ya ambaci sunana.