Kunun Ayar Maƙwabciyata a Ɗakin Gwaji

Shekarun baya, lokacin da autata ke karatun digiri na biyu, malaminta ya ba ta aikin binciken ƙwayoyin cuta a cikin kunun ayar da ake sayarwa a gari. Za ta ɗebo kunu daga wurare daban-daban, ta kai ɗakin gwaji, ta ga abin da zai tsiro. Ta tambaye ni inda za ta fara, na ce ta fara da maƙwabciyarmu.

Matar nan 'yar kudancin jiharmu ce, mijinta ya rasu, da kunun ayar take riƙe 'ya'yanta a makaranta. Rumfarta na bakin titi a Yelwa, inda ɗalibai da masu keke ke tsayawa. Na sha ganin yadda take wanke robobinta da tafasasshen ruwa, don haka a ganina talla zan yi mata. Na zauna a Alƙahira, na zauna a Faransa. A can idan aka zo aka duba mai abinci, manna takardar sakamakon yake yi a bango yana alfahari.

Abin da ban sani ba, malamin ya ce sai an ɗebi samfur cikin cikakkiyar shiga, a kuma ɗauki hoto. Sai ga 'yata da abokan karatunta sun sauka daga motar jami'a da rana tsaka: fararen riguna, safar hannu, takunkumi, ga akwatin ƙanƙara. Suka ɗaga robar kunu a hankali kamar an kama kunama, suka liƙa mata lamba, suka tafi.

Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Fadaman Mada cewa hukuma ta kama kunu mai guba. Washegari wani mai keke, bai san ni ba, ya ba ni labarin da bakinsa.

"Ai Alhaji har an kwantar da mutane a asibiti."

"Ka gan su?"

"Wanda ya gan su ne ya faɗa wa yayana."

Kunun aya kuwa ba ya kwana. Kullum matar nan ta dama, kullum ta zubar. Da abin ya ishe ta ta zo gidana, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, me na yi muku? Ko 'yan cocinmu sun daina saye."

Na sa babbar riga na nufi jami'a. Na ce wa farfesan, malamin 'yata, abu ɗaya nake so: ya faɗi sakamakon kununta a wanke ta.

Ya gyara tabarau ya ce, "Alhaji, mu ba ma aiki da suna, lamba muke sawa. Ƙa'idar bincike ce, don a kare masu sana'a."

Na ce, "Farfesa, kun ɓoye sunanta a takarda, kun nuna fuskarta a titi. Wace kariya ce wannan?"

Ya ce ya fahimce ni ƙwarai, amma sai an gama gwaji, sai ɗalibar ta kare kundinta, sai kwamiti ya zauna. Na yi masa bayani da Hausa, na koma Turanci, har na fara tunanin ko Larabci zai fi ratsa shi. Amsar dai ɗaya ce. Ana cikin haka malamai suka shiga yajin aiki, aka rufe ɗakin gwajin da kunun a ciki.

Da na dawo gida na tsare 'yata, ta ce, "Baba, ko na sani ba zan iya faɗa ba." Yarinyar da ni na biya mata kuɗin makaranta.

Sai na ɗauki kujerata na kai rumfar matar. Kullum bayan la'asar ina zaune a bakin titi, da rawanina, ina ɗaga roba sama-sama yadda kowa zai gani, ina sha. Ni da likita ya hana zaƙi, sai da ta riƙa dama mini nawa daban babu suga. Masu keke suna rage gudu suna leƙena, ina jin ana cewa, "Tsohon nan har yanzu yana nan da ransa." Da aka ga ban mutu ba, abokan hirata suka biyo ni da nasu kujerun. A hankali ɗalibai suka dawo, ciniki ya miƙe.

Kundin ya fito daga baya, mai kauri, da bango mai kyau. Na karanta shi tsaf. Aiki ne mai amfani, ban musa ba: ya nuna ruwan da ake haɗawa da shi da hannun mai ƙullawa su ne hanyar cutar. Amma wace lamba ce ta maƙwabciyata, har yau ban sani ba.

Duk inda na zauna a duniya, na lura ilimi yana da nasa saurin, jita-jita tana da nata. Wanda zai auna abincin talaka ya kamata ya fara auna idon da ke kallonsa a titi. Har yanzu idan na tuna raina yana ɓaci.

Ranar da na kai wa matar kundin don ta gani, ta juya shi gaba da baya, ta miƙo mini, ta ce, "Baba, na gode. Amma don Allah, duk ranar da za ku sake taimakona, ku faɗa mini tun da safe, kada in jiƙa aya."