Kawu Ya Koyo Ɗinki a Gidan Yari

Shekarar da anka sauya wa gidan yari suna, anka koma kiranshi gidan gyaran hali, kawuna na ciki. Rikicin iyakar gonar albasa ne a Taloka. Ya kwaɗa wa maƙwabcinshi ƙotar fartanya, alƙali ya yanke mai wata goma sha takwas.

Na tahi duba shi da ƙullin fura, zuciyata cike da tausai. Sai na iske shi ya yi ƙiba, da igiyar awo rataye a wuya.

"Kawu, mi ne ne wanga?"

"Tela nike yanzu, ɗana. An kawo muna kekuna. Miƙe in auna ka."

A gaban gandiroba ya auna ni, har da faɗan in daina ranƙwafawa.

Ranar da anka sallame shi, anka haɗa shi da keken ɗinki. Ya kafa rumfa a ƙofar gida, mutane sunka yi ta kai yadi don ƙarfafa mai gwiwa. Ashe ɗinki guda ya koya: riga mai gajeren hannu, ba aljihu, da wando iya ƙwauri. Liman ya kai farar shadda don babbar riga, ya karɓo irin wannan har uku, don yadin ya yi saura.

Ni kuwa, malamin makaranta, shuɗin yadi na kai. Ya ɗinka mini irin wannan, na saka na tahi kasuwar Goronyo. Ina cikin taya tattasai sai na ji an dafa kafaɗata. Gandiroban nan ne.

"Malam, wa ya bar ka ka fito?"

"Ranka ya daɗe, ban taɓa shiga ba!"

Ya juya ni, ya duba ɗinkin wuyan, ya fashe da dariya har sai da ya zauna bisa buhun albasa. Ya ce in gaya wa Kawu an fara koyar da kaftani, kuma waɗanda sunka fita suna iya zuwa.

Kawu bai ji haushi ba ko kaɗan. Kowace Talata sai ya hau mota ya koma can da kanshi. Duk wanda ya zo nemanshi, sai matarshi ta ce, "Ya koma gidan yari," sai mutum ya hau salati. Da ta gaji da bayani, ta koma cewa ya tahi makaranta.