Takabar da Ta Ci Ɗorawar Safara'u

Duk wanda ya ci kasuwar Ruwan Godiya kafin shekarar Udoji, wadda aka ƙara wa ma'aikata albashi, ya san Safara'u mai daddawa. Wanda bai san fuskarta ba, to hancinsa ya san ta, don tun tana ƙetare rafi iska ke riga ta isa rumfar masu kayan miya. Gajera ce, baƙa, mai kaurin damtse, ga baki kamar reza in aka taɓa sana'arta. Wata rana wani ɗan birni mai agogo ya toshe hanci a gabanta, ta ce ya saki hancinsa ya huta, da wannan warin uwarsa ta yaye shi. Kasuwa ta ɗauki dariya, shi ma bai tafi ba sai da ya saya.

A Tungar Madaci take aure, wasu gidaje bakwai a cikin daji tsakanin Faskari da Sabuwa. Mutanen gari "daji" kawai suke cewa, kamar duk abu ɗaya ne. Mutanen tungar kuwa kowane gefe da sunansa da amfaninsa. Akwai kurmin bakin rafi mai duhu, inda ake saran gora. Akwai tudun doka, inda mata ke itace, Fulani ke kiwo. Akwai fako, wanda ko akuya ba ta tsayawa. Sai saura, tsofaffin gonakin kakanni da daji ya maida nasa, inda kaɗanya da ɗorawa suke tsaye. A nan saura Safara'u take da gindin ɗorawa goma sha ɗaya.

Ba ita ta shuka su ba, babu ma wanda ya san mashukinsu. Na surukarta ne, Dada, wadda ta gaje su wajen ubanta. A can ƙasa daban, itace daban: kana iya noma ƙarƙashin ɗorawa shekara ashirin, amma ba ka da ikon tsinkar ko kwanso ɗaya. Da idon Dada ya mutu, sai ta tara mutanen tunga, ta ɗauki doguwar gorarta mai ƙugiya ta danƙa wa matar ɗanta, ta ce daga yau ɗorawa ta Safara'u ce. Ba takarda, ba alƙali, kuma babu wanda ya taɓa musu.

Gidan nan kaf a kan itatuwan yake tsaye. Garin ɗorawa na kunu ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Makuba, wato ɓawon kwanson, ta daɓe ce da shafen bango. Kalwa kuwa ita ce uwar tafiya: a dafa ta wuni guda, a surfe, a wanke a rafi, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana uku har ta yi, sannan a kirɓa a shanya. Mijinta Maharazu manomi ne mai ƙoƙari, amma kowa ya san tukunyar Safara'u ce ke kai gidan ga sabuwar dawa. Allah bai ba su haihuwa mai rai ba. Su uku ne, sai ƙanensa Gide da ke gida na kusa.

A kakar shekarar nan da kuɗin mai suka cika gari, kowa na zancen babur da rediyo, kububuwa ta sari Maharazu a gonar dawa. Bai kai la'asar ba. Safara'u ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ta kwance kitso, ta ajiye kwalli, ta riƙe 'yar wuƙa kamar yadda tsofaffin tunga suka ce, ta daina ɗaga murya, ta daina leƙa ƙofar gida. Mutuwar ta dake ta ƙwarai, kuma ta ƙudura ba za ta rage wa mamacin ko yini ɗaya daga haƙƙinsa ba.

Saura kwana goma sha tara ta fita, ɗorawa ta fara fitar da tutu, jan furen nan nata, sai ga shela daga dagaci. Gwamnati za ta maida dajin gandu, don a tsare shi daga sara da gobara. Ma'aikata za su zauna kwana uku a ƙofar gidan dagaci. Duk mai wani haƙƙi a ciki, mashaya ce, maƙabarta ce, ko itacen amfani, ya zo da kansa ya faɗa, a rubuta, ya dangwala yatsa.

Gide ne ya tafi a madadinta, a rana ta uku. Aka tambaye shi ko itatuwan nasa ne. Gide ba ya ƙarya, ko da wadda za ta yi amfani, ya ce na matar wansa ne. Aka ce to ita za ta zo, kuma da an yi la'asar za a rufe littafi. Ya dawo da gudu, ya tsaya bayan danga yana haki, ya faɗa mata. Tafiyar ba ta da nisa, rana ma ba ta take tsaka ba. Safara'u ta yayimi mayafi, ta nufi ƙofa.

A bakin ƙofa ta tarar da Dada zaune, ta miƙe sandarta ta tare hanya.

"Ina za ki, ɗiyar nan?"

"Dada, ɗorawa za su rubuce."

"Ɗana bai yi wata huɗu a ƙasa ba, ki tahi ki tsaya gaban maza kina ba su yatsa? Ɗorawar ubana ba gudu za ta yi ba. Wa bai san taki ba ce? Koma ki zamna."

Safara'u da ke iya kunyata ɗan birni a tsakiyar kasuwa, ba ta iya tsallake sandar makauniya ba. Ta tsaya, ta tsaya, sannan ta koma ɗaki ta cire mayafin. Tana zaune tana kallon inuwar danga tana tsawo har aka kira la'asar.

Ranar da ta fita takaba, ko kitson fita ba ta tsaya an gama ba ta kama hanya. Dagaci ya ce littafi ya tafi Faskari. A Faskari aka ce ya wuce gaba, wajen manya. Ta hau motar itace ta bi shi, ta wuni a barandar wani ofis, ƙarshe wani akawu ya leƙo ya ce bakin alƙalami ya riga ya bushe. A hanyar dawowa ta tsaya a Mairuwa shan ruwa, ta ba wani malami labari. Ya girgiza kai ya ce ai mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, addini bai hana ba. Da ma bai faɗa ba. Wannan magana ta fi ta akawun ciwo, don ta nuna mata ba Allah ne ya tsare ta a ɗaki ba. Ta iso gida ta zuba wa Dada tuwo, ba ta ce mata komai ba, amma daga ranar wani ƙulli ya zauna mata a ƙirji.

Kafin damina aka kafa turakun siminti, aka tashi Tungar Madaci aka maida ta bakin hanya, a wani fili mai tsakuwa. Waɗanda suka dangwala aka shafa wa itatuwansu farin fenti, aka ba su takardar shiga lokacin ɗiba. Maƙwabciyarta Hajaratu, mai gindi huɗu kacal, ta samu. Na Safara'u suka zama na gwamnati. Gide ya ga ba noma, ya haye motar masu aikin titi, ya bar mata tsohuwa.

Gwamnati dai ba ta shan kunun ɗorawa, ba ta kaɗa miya. Kwanso ya nuna ya bushe yana zuba, birai na wasa da shi. Sai Safara'u ta koma satar abinta. Shekara biyu tana laɓaɓawa ta bayan kurmi da tsakar rana, lokacin da masu tsaro suka nemi inuwa, tana ɗiba tana waige kamar wadda ta shiga rumbun wani. A bazara ta biyu Malam Harisu, malamin daji, ya kama ta da kwando a ka. Mutumin Pauwa ne, uwarsa ma daddawa take yi, don haka bai kai ta gaba ba, ya bar mata kwandon. Amma gorar ya ce dole ya karɓa, don da idon abokan aikinsa aka gan ta. Ta durƙusa, ita da ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba sai mijinta, ta ce gorar ta girme shi. Ya kau da kai ya tafi da ita.

Sai kuma aka ce dajin bai da tsari, za a gyara shi. Za a share saura a dasa itacen turare, mai miƙewa sambal, layi-layi, don a sami turakun wayar lantarki. Wanda aka hana ya tsinki kwanso don a tsare daji, ga shi yana kallon katafila tana tsare shi. Itatuwa masu farin fenti aka kewaye su. Sauran, sarƙa aka ɗaura musu, katafila ta ja. Safara'u na tsaye bayan turken siminti ta ga goma sha ɗayan nan sun kwanta tsakanin hantsi da azahar. Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta dai zauna a ƙasa.

Dada ta ji ƙarar tun daga gida. Da Safara'u ta shigo, tsohuwar ba ta tambaya ba. Ta laluba ƙarƙashin gadonta ta jawo wani ɗan tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Kalwa ce zaɓaɓɓiya, ta babban gindin da ubanta ya fi so, ta daɗe tana ɓoyonta.

"Ni na tare ki," in ji ta. "Na sani. Ki maida su inda suke, ko na samu abin da zan hwaɗa ma ubana."

Gidan ba hatsi, kalwar nan za ta yi daddawar da za ta riƙe su kwanaki. Safara'u ta san haka, ta kuma san ɗorawa ba ta haihuwa sai mai shukarta ya yi furfura. Amma in ruwa ya ci mutum, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta je wurin Malam Harisu ta roƙi a sa ta cikin matan da ke dasa turare, aikin da ya zama shi kaɗai ke kawo musu tuwo. Da ruwan farko ya sauka, tana dasa na gwamnati tana tura nata da ɗan yatsa, a daidai gurbin kowane gindi. Ko an rufe mata ido ta san wuraren.

Tsohuwar kalwa ce, ba duka ta tsira ba, amma bakwai sun fito. Kullum ta dawo, kafin ta ajiye fartanya, Dada za ta miƙo hannu ta ce a gwada mata tsawonsu. Safara'u ta gwada a kan gaɓar yatsa, bayan kwanaki a tafin hannu, har suka kai wuyan hannun tsohuwar. Dada da ta daina cin kirki ta koma neman ƙari. Ƙullin da ke ƙirjin Safara'u ma ya fara saki.

Wata safiya ana nome layuka, Malam Harisu ya tsaya a kanta. Ɗan mai daddawa ba ya kasa gane ganyen ɗorawa. Ya ce gobe manya za su zo duba aiki, kuma doka ita ce kada a ga komai a layi sai turare. In aka gani, ita da shi duk sun bar aikin. Ta roƙe shi ya bar ko ɗaya. Ya ce layin nan a bakin hanyar mota yake. Ta ce to za ta ciro su da ƙasarsu ta kai gida. Ya tuna mata abin da ta fi shi sani: saiwar ɗorawa ta riga ta nutsa, kuma a tsakuwar bakin hanya ko kuɓewa ba ta yi.

"Goggo, ba ni fartanyar, ki juya baya," in ji shi.

"A'a, Malam. Ni na shuka."

Ta tuna da tuwon tsohuwa, ta ɗaga fartanya. Sara bakwai ne, ba su da wuya, ƙasar ma da laushi. Ta tattara su ta zuba cikin ciyawar da aka nome, ta ci gaba da layinta har aka tashi.

Da ta shigo gida da la'asar, Dada na zaune bakin ƙofa, a inda ta saba. Ta ji takunta, ta miƙo hannu tana murmushi.

"Ina suka kai yau, ɗiyar nan?"

Shekara uku Safara'u tana jiran ranar da za ta amayar wa tsohuwar nan abin da ke cikinta, ga ranar ta zo. Ta dubi siririn hannun da ke gabanta. Ta kama shi, ta wuce wuyan hannun da yatsa biyu, ta danna a hankali.

"Nan, Dada."

Tsohuwar ta ce alhamdu lillahi, ta shafa wurin. Safara'u ta wuce madafa ta ɗora tukunya, ta kaɗa miyar kuka da gishiri kawai.